Hannun da Ya Bar Totur

Lahadi, da hantsi

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan jikokina masu jan gemu. Yaya makaranta, yaya fama da 'ya'yan mutane? Mu nan lafiya lau muke. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake ba ta san ina rubutun nan ba, ni ne na ara mata gaisuwar.

Na san za ki ce me ya kai Baba ga takarda alhali ga waya a aljihu. Wayar gidan nan ba ta da sirri. Da ta yi ƙara mamanki za ta bar keken ɗinki ta zo ta tsaya a kaina, wai in buɗe murya ita ma ta ji. Shi ya sa na ba direban motar ɗakin gwajinmu ya miƙa miki, shi kuma za ki ba amsa.

Saƙo nake so ki nemo mini a shagunan kayan babur na wajenku, don nan babu. Makullin totur ake ce masa. Wani ɗan zobe ne da ake sa wa hannun babur na dama, yana da ɗan harshe a jiki. In ka murɗa totur ya kai inda kake so, sai ka danna harshen da babban yatsa, totur ya tsaya cak a wurin, ko ka sake shi ba zai koma ba. A babur ɗin wani matafiyi na gani, mun haɗu a gidan mai, na yi ta yi masa tambayoyi har ya fara duban agogo.

Yanzu ga dalili, tunda ke tun kina 'yar ƙarama ba a aiken ki babu dalili. Hannuna na dama ne. Wata biyar ke nan, in na yi kamar rabin awa a kan babur sai ya sage. Da farko tsikari yake yi kamar allurai, daga baya babban yatsa da biyun da ke binsa su koma kamar na aro. Kin san aikina: ƙananan asibitoci huɗu, in kwaso kwalaben jini a akwatin ƙanƙara, in kawo ɗakin gwaji kafin ƙanƙarar ta narke. Daga asibitin ƙarshe zuwa gari awa biyu ne, miƙaƙƙiyar hanya, babu abin da hannu yake yi sai riƙon totur. Yanzu sai na tsaya sau huɗu a bakin titi ina yarfa hannu kamar wanda ya taɓa tukunya da zafi. Ranar Alhamis shugabarmu ta buɗe akwatin ta tarar da ruwa. Ta dube ni, ta dubi agogon bango, ta rufe akwatin. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

In suka sani sauke ni za su yi. Su ba ni kujera a ƙuryar ɗaki ina manna takarda a jikin kwalabe, bayan shekara ashirin da shida ban taɓa fasa ko ɗaya ba. Wannan ma da sauƙi. Asabar fa? Ni nake kai mamanki wajen kakarki kowane mako, a wannan doguwar hanyar dai, kuma kin san ta da mota, kafin a fita gari ta fara amai. Shekara talatin da ɗaya tana bayana. Ban san ta inda zan fara ce mata ta sauka ba, kuma gaskiya tsoron ranar nake ji.

Ba ciwo ba ne, gajiya ce kawai. In hannun ya samu hutu a hanya zai dawo daidai. Kada ki faɗa wa mamanki, don Allah.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara. Allah ya yi miki albarka.

Babanki

Laraba, bayan tashi daga aiki

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina fata kowa lafiya, ita ma ƙaramar da kika ce tana tari Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙo ya iso, tare da guntuwar takardarki mai cewa in je in ga likita, har da ja wa maganar layi biyu a ƙasa kamar ni ɗalibinki ne. Na gani, na gode.

Na kai wa Gobe-da-safe, bakanikena. Kin tuna shi, wanda ko birki ya tsinke maka sai ya ce ka dawo gobe da safe. Wannan karon nan take ya ajiye aikin wani, don bai taɓa ɗaura irinsa ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya juya shi gaba da baya, sannan ya sa. Akwai ɗan noti a ƙasan zoben, shi ke sa ya kama da ƙarfi ko ya yi sako-sako. Ya ɗaure shi daidai yadda zai riƙe totur, amma in ka sa ɗan ƙarfi ka mayar da hannu zai koma ko ba ka ɗaga harshen ba. Ya ce wannan notin shi ne ran abin, kada in taɓa.

Daga nan ya shiga yi mini wa'azi, ni da na fara hawa babur yana rarrafe. Ban da cikin gari, ban da kwana, ban da lokacin ruwa. Ya ce, "Baba, abin nan fa ba shi da ido. Mai yake riƙewa, ba gudu ba. A hawa zai ja da kai baya, a gangare zai kwashe ka." Ya kuma tuna mini birkin gaba a wannan hannun yake, don haka kada hannun ya yi nisa. Da ya tambaye ni me zan yi da shi na ce doguwar hanya. Ya dubi hannuna, ya ci gaba da goge nasa da tsumma.

Ranar Litinin na gwada. Da na wuce asibitin ƙarshe na hau miƙaƙƙiya, na danna harshen, na ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya. Uwata, sai da gabana ya faɗi. Tun da nake, in na saki totur babur sanyi yake yi. Wannan ya ci gaba da tafiyarsa ko a jikinsa, kamar wani ne yake tuƙa ni. Da na saba sai na sauke hannun a kan cinya, na ji jini yana dawowa cikinsa. Ban tsaya ko sau ɗaya ba. Shugabarmu ta buɗe akwati ta tarar da ƙanƙara tana nan da ƙarfinta, har ta ce sannu da hanya.

Sau ɗaya kawai na yi kuskure. Da na doshi kwanar da ke gaban masaƙa na saki hannu don in rage gudu, yadda na saba, babur bai ji ba. Sai da na tuna da harshen na ɗaga shi. Tun daga nan na kafa wa kaina doka, harshe tukuna kafin komai.

Sai Asabar. Mamanki ta ga zoben ta tambaya, na ce na rage shan mai ne. Allah ya yafe mini. Muna tsakiyar hanya hannun ya sage, na danna makulli, amma ba dama in yarfa shi a gabanta. Sai dabara ta zo mini, na miƙa shi baya na ɗora a kan gwiwarta. Ki yi haƙuri da wannan zance, ba irin wanda uba yake yi wa 'yarsa ba ne. Matar nan da take magana daga ƙofar gidanmu har ƙofar gidan kakarki, sai ta yi gum. Kunya ce ina jin. A can ma na kama ta tana satar kallona sau da yawa. Kin ga abin naki ya yi amfani biyu.

Maganar likita, bari aiki ya lafa.

Ki gaida mutan gida gaba ɗaya. Allah ya raya zuri'a.

Babanki

Talata

Uwata,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace, biron ne ba shi da kyau.

Takardarki ta zo. Ban ji daɗin cewa kin ba ni zuwa ƙarshen wata ba, in ban je asibiti ba za ki kira mamanki. Ni a asibiti nake aiki, ina ganin likitoci sun fi goma kullum, kuma duk wanda na nuna wa hannun nan kafin azahar shugabarmu ta ji. Amana na ba ki. Ban haife ki don ki riƙa ba ni wa'adi ba.

Hannun yana nan, bai ƙaru ba. To, ya ɗan ƙaru. Shekaranjiya kofin shayi ya suɓuce mini, na ce zafi ne. Maɓallin riga yanzu da hagu nake sa shi, na juya wa ƙofa baya. Amma a hanya babu matsala, makullin yana yi mini komai, kusan rabin tafiyar yanzu shi yake yi.

Abu ɗaya ne yake ba ni haushi, notin nan kwancewa yake yi da kansa. In na ɗaure shi yau, gobe da safe in tarar ya yi sako-sako, ina cikin tafiya totur ya riƙa zamewa babur yana sanyi, dole in mayar da hannu. Girgizar hanya ce. Ban koma wa Gobe-da-safe ba, na san wa'azin da zan sha. Jiya na ɗaure shi tamau, fiye da yadda ya sa, na ɗiga masa gam irin mai kama ƙarfe. Yanzu totur ba ya motsi sai an ɗaga harshen, kuma haka nake so.

Mamanki kuwa ban san abin da ya same ta ba. Sau biyu tana ce mini wai tana so ta sake gwada mota ranar Asabar, ko aman ya daina. Na ce ko babur ɗin ne ya yi mata tsufa, ko mai babur ɗin? Ta ci gaba da ɗinkinta. Amma in mun hau sai ta matso ta manne da bayana sosai, abin da ba ta yi ko muna amarci, ta zuro hannunta na dama ta ƙarƙashin hammatata ta bar shi a nan har mu isa. Kin san ta da dogon hannu, ba irin na ɓarayi ba. Mata dai, mutum ya tsufa da su bai gama gane su ba.

Ki janye wa'adin nan. Ki gaida maigidanki da yara.

Babanki

Alhamis, da la'asar

Uwata,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ki ni da mamanki, wannan karon gaisuwar tata ce da kanta, don ita take riƙe da biro. Ni baki ne nawa. Hannun yana naɗe da bandeji, kwana shida ke nan da likita ya yi masa aiki. Ina fata ke da maigidanki da yara kuna lafiya.

Kin ji a waya mun faɗi, amma ba ki ji yadda aka yi ba, don ranar ban iya magana ba. Mako uku ke nan, yanzu zan iya.

Asabar ce, muna tafiya wajen kakarki, rana tsaka, hanya fetal. Na danna makulli, hannuna yana kan gwiwar mamanki. Muna gama hawan tudun nan muka fara gangarowa gada, sai ga motar yashi ta mutu ta tare fiye da rabin titi, wata kuma tana tahowa ta ɗaya gefen. Na mayar da hannu na tura babban yatsa in ɗaga harshen. Ban ji ya ɗagu ba. Na duba da idona, ga yatsan nan kwance a gefen harshen, ina ce masa tashi bai tashi ba. Na yi ƙoƙarin mayar da totur da ƙarfi, gam ɗina ya ce bai san zancen ba. Na damƙi kuloci da hagu, injin ya kwarma ihu, na taka birkin ƙafa, bayan babur ya fara wutsil-wutsil. Birkin gaba kuwa yatsun sun kasa matse shi. Ga gangare. Na ga lambar motar nan tana girma, na karanta ta tsaf, har yau tana kaina.

Sai hannun mamanki ya wuce ta ƙarƙashin hammatata, ta doki harshen sama da gindin tafinta, ƙas, injin ya yi shiru. Na sauke giya na saki kuloci, babur ya ja da baya, na karkata cikin yashin gefen titi muka kwanta a hankali. Tsakaninmu da motar bai fi tsawon tabarma ba. Ita ta ƙuje a gwiwar hannu, takalminta ɗaya ya yi nasa wuri. Ni ko ƙwarzane.

Abin da ya fara fita daga bakina, muna kwance a yashi, shi ne, "Uwata ce ta faɗa miki." Ta tashi ta kakkaɓe jikinta ta ce in nemo mata takalminta. Ki yafe mini wannan zargi, da ma maganganun takardata ta ƙarshe. Kin riƙe amana, kuma ke ce mai gaskiya tun farko.

Ashe tun Litinin ɗin da ta biyo Asabar ta farko ta je wajen Gobe-da-safe da ƙafarta, ta ce ya nuna mata yadda ake kwance abin. Ya nuna mata, ya faɗa mata zancen notin. Kullum in na shiga wanka sai ta hau babur a tsakar gida ta zauna a mazauninta na baya, ta riƙa miƙa hannu tana gwada dukan harshen har ta iya ba tare da ta duba ba. Girgizar hanyar da take kwance mini noti kuma ita ce, da ɗan sukudireban kekenta. Ina ɗaurewa tana kwancewa, kowa yana ganin shi ne mai dabara. Ranar da ta tarar da gam zama ta yi a ƙasa ta yi kuka. Ta ce ba za ta rubuta ta yi kuka ba. To ga shi ta rubuta.

Na tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce ta yi, sau biyu ta ce a shiga mota. Ta ce da ta fito fili da musu zan yi, in cire makullin ranar Asabar don in ƙaryata ta, in tuƙa ta da mataccen hannu babu komai. Gaskiyarta, haka ɗin zan yi. Ta ce ita ma da laifinta, kamata ya yi ta ɓoye mabuɗin babur ɗin a sha rigima a wuce wurin.

Makullin ba shi da laifi, aikinsa ya yi. An yi shi don lafiyayyen hannu ya huta minti biyar, ni na mai da shi maɓoya. Sai da Gobe-da-safe ya sa zarto kafin ya fita, yana yanka yana girgiza kai, bai yi wa'azi ba. Yanzu makullin yana cikin aljihun keken mamanki tare da maɓallai.

Litinin ɗin da ta biyo faɗuwar na je na ajiye hular kwano da takardar hanya a teburin shugabarmu, na faɗa mata komai. Ta ce tun ranar da ƙanƙara ta narke take jiran in yi magana. Ashe duk duniya ni kaɗai nake ganin sirri ne. Ita ta haɗa ni da likita. Ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, ya yi ɗan aiki ya buɗa mata hanya. Ya ce da wata biyar da suka wuce na zo da ya yi mini alkawari, yanzu ba zai yi ba, sai dai mu jira mu gani. In an kwance bandeji kujerar nan ta ƙuryar ɗaki tana jirana. Babur yana tsakar gida na rufe shi da leda, ba na son kallon wajen, kuma ba zan ce miki ba na jin ciwon abin ba.

Ku zo hutu, ina son ganin yaran. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu jin maganarki fiye da yadda na ji.

Babanki

Ƙari daga mamanki. Ya ce an gama, ya lumshe ido, to ni ban gama ba. Kada ki ce za ki riƙa ɓoye mini abu ke da ubanki, wannan ma na yafe ne don ya ce ya matsa miki. Asabar biyu ke nan muna zuwa a mota. Na yi amai sau biyu a zuwa sau ɗaya a dawowa, shi yake riƙe mini leda da hagu yana yi wa direba faɗan gudu. Ba a mutu ba.

Yana ta tambayata yadda aka yi na gane, na ƙi faɗa masa, ke zan faɗa wa. Shekara talatin da ɗaya, in zai ce mini ga rami da hagu yake taɓa ni, hannunsa na dama bai taɓa barin totur ba ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci. Ranar nan ya ɗora mini shi a gwiwa, sanyi ƙalau, yatsun a sake, ya zame ya kusa faɗuwa shi bai ma sani ba. Ni na tare shi na mayar. Shi yana can yana cewa kunya nake ji.

Yanzu ma da nake rubutun nan yana kan gwiwata da bandejinsa. Ɗazu babban yatsan ya ɗan matsa ni. Na tambaye shi ya ce shi bai ji komai ba tukuna. Ni dai na ji.